Kurmin Indiya da Rigimar Jerin Ƙabilu: Tambayoyi da Amsoshi

A Satumbar 2022, da Afrilu da Satumbar 2023, sannan a Satumbar 2025, jiragen ƙasa sun tsaya cik a wasu sassan gabashin Indiya. Dubban manoma ne maza da mata suka hau layin dogo suka zauna, suka ce ba inda za su sai gwamnati ta mayar da sunansu cikin jerin ƙabilun asali na ƙasar. Al'ummar Kurmi ke nan. Ga tambayoyin da mai bin labarin zai so a amsa masa.

Wace Kurmin ake nufi? Ta Kano ko ta Taraba?

Ko ɗaya. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ba ruwan wannan magana da Kasuwar Kurmi ta Kano, ko Ƙaramar Hukumar Kurmi ta Jihar Taraba, ko kurmin daji. Waɗannan mutanen Indiya ne, manoma gaba da baya.

To su wane ne, kuma ina suke zaune?

Nan sai an yi hankali, domin Kurmi iri biyu ne, kuma rabin rigimar a kan wannan bambanci take.

Akwai Kurmin filayen kogin Ganga, a jihohin Bihar da Uttar Pradesh da maƙwabtansu. Su mabiya addinin Hindu ne, suna da gonaki da ƙarfi a siyasa. Nitish Kumar, wanda ya ja ragamar Bihar shekaru da dama, daga cikinsu ya fito. Ba su ne ke neman shiga jerin ƙabilu ba.

Masu fafutukar su ne na tudun Chota Nagpur, ƙasar duwatsu da dazuzzuka da ma'adinai wadda ta ratsa jihohi da dama. Suna da yawa a Jharkhand, da gundumomin Purulia, Bankura, Jhargram da Medinipur ta Yamma a Bengal ta Yamma, da Mayurbhanj da Keonjhar a Odisha. Yawancinsu suna amsa sunan Mahato, wanda asalinsa sarautar mai gari ce. Harshensu Kurmali.

Su ba sa son a haɗa su da na Bihar. Suna cewa sunansu ma daban ne, shi ya sa za ka ga ana rubuta shi Kudmi. Harafin tsakiyar wani sauti ne da ake naɗe harshe wajen furta shi, tsakanin "d" da "r". Bahaushe ba zai sha wuyar ganewa ba, tunda mu ma muna da "r" biyu: ta "bara" yaron gida daban, ta "bara" ta almajiri daban, amma a rubuce duk ɗaya ne. Haka magatakardan mulkin mallaka suka rubuta sunayen biyu da harafi ɗaya, kuma Kudmi na ganin daga nan ɓatan kai ya fara.

Mene ne wannan jerin ƙabilu da ake ta magana?

Tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, ya ware wasu rukunonin jama'a don a ba su kariya ta musamman. Akwai waɗanda tsarin jati, wato rukunin da mutum ke gada tun haihuwa, ya jefa ƙasa ana ƙyamar ko taɓa su. Ana kiransu SC a taƙaice. Akwai ƙabilun asali, waɗanda suke kiran kansu Adibasi, ma'ana mazaunan farko. Su ne ST. Daga baya aka ƙara rukuni na uku na sauran al'ummomin da aka bari a baya, wato OBC.

Sashe na 342 na tsarin mulki ne ya ba shugaban ƙasa ikon fitar da jerin ST na farko, aka kuwa fitar a Satumbar 1950. Daga nan ba mai ƙarawa ko ragewa sai majalisar dokoki ta ƙasa. A ƙidayar 2011, ST sun kai kashi 8.6 cikin ɗari na jama'ar Indiya, sama da mutum miliyan 104. Kudmi a yau suna rukunin OBC ne.

Tunda suna cikin OBC, me kuma suke nema? Ai nan ma akwai kaso.

Akwai, amma ba ɗaya ba ne. A ayyukan gwamnatin tarayya da guraben manyan makarantu, OBC na da kashi 27, SC 15, ST 7.5. Mai kallo daga nesa zai ce ai na OBC ya fi tsoka. Sai dai masu cin tuwon sun yi yawa: dubban al'ummomi ne ke rububin wannan kashi 27, cikinsu har da masu kuɗi da dogon tarihin boko. Ɗan manomin Purulia da ke karatu da fitilar aci-bal-bal da su zai kara. Kuma iyalin OBC da ke samun sama da rupi 800,000 a shekara an cire su daga kason, alhali babu wannan sharaɗi a kan ST.

A Jharkhand lissafin ma juyawa yake yi: ST na da kashi 26, OBC kuwa 14 kacal. Ga kujerun siyasa: daga kujeru 81 na majalisar dokokin jihar, 28 na ST ne zalla, a majalisar wakilai ta ƙasa kuma, a duk faɗin Indiya, 47. OBC ba su da ko ɗaya da aka keɓe musu a waɗannan majalisu.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne ƙasa. Dokar filaye ta Chota Nagpur ta 1908 da ta Santal Pargana ta 1949 sun ɗaure hannun baƙo wajen sayen gonar ɗan ƙabila. Dokar 1996 ta ba taron ƙauye a yankunan ƙabilu bakin magana kafin a karɓi fili, dokar 2006 ta tabbatar da haƙƙinsu a daji, dokar 1989 kuma ta tsananta hukunci ga mai cin zarafin SC ko ST. A yankin da kamfanonin kwal da ƙarfe da madatsun ruwa suka daɗe suna tashin ƙauyuka, wannan kariya ita ce bambanci tsakanin mai gona da ɗan ƙodago.

Wace hujja suke da ita cewa su ƙabila ce?

Suna fara da takarda. A 1891, jami'in mulkin mallaka Herbert Risley, wanda ya yi nazarin al'ummomin Bengal, ya rubuta cewa Kurmin Chota Nagpur sun bambanta da na Bihar, sun fi kama da ƙabilar Santal a kamanni da al'ada. A 1913 gwamnatin Birtaniya ta fitar da sanarwar da ta keɓe wasu ƙabilun yankin daga dokar gado ta ƙasa, ta bar su su raba gado bisa al'adarsu. Sunan Kurmi na ciki, tare da Munda, Oraon, Santal, Ho, Bhumij da Kharia. Da aka zo jerin 1950, waɗancan shida suka shiga, Kurmi babu. Tambayar da suke maimaitawa a kowane taro ita ce: da wace takarda aka cire mu, wa ya sa hannu?

Kan ƙidayar 1931 kuwa kowane ɓangare da karatunsa. Kudmi na cewa har lokacin a matsayin ƙabila aka lissafa su, masu adawa na cewa tun a nan aka fara fitar da su.

Sai hujja ta biyu, wadda ba a takarda take ba. Suna cewa sun kasu zuriya 81, kowace da abin da take girmamawa ba ta taɓawa: wannan gidan ɓaure, wancan wata ciyawa, wani kuma ba ya busa sarewar gora. Ba a aure cikin zuriya ɗaya. Kowane ƙauye yana da wurin bauta a gindin itatuwa, inda suke girmama Garam, mai tsaron gari a imaninsu, shi ya sa kirarin masu zanga-zangar yake "Jai Garam". Suna bikin Karam, inda 'yan mata ke shuka iri a kwando su yi ta yi masa waƙa har ya tsiro, da bikin Tusu a tsakiyar Janairu bayan girbin shinkafa.

Wanda ya fi nuna ko su wane ne shi ne Bandna, bikin godiya ga shanu. Mata su shafe bangon ɗakin ƙasa su zana shi da jar ƙasa da fara, a kai shanu rafi a wanke su, a shafa wa ƙahonninsu mai, a rataya musu zangarniyar shinkafa. Da dare samari su bi gida-gida da ganga suna rera wa shanu waƙa don kada su yi barci. Santal ma suna da irin wannan biki, suna ce masa Sohrai. Kudmi na cewa: ku duba, da wa muka yi kama?

Idan haka ne, ta yaya sunansu ya faɗi?

A nan labarin ya yi ɗaci, domin akwai hannun wasu nasu a ciki.

A ƙarshen ƙarni na 19, Kurmin arewa suka kafa ƙungiya a Lucknow a 1894, suna neman a ɗauke su a matsayin Kshatriya, wato ajin sarakuna da mayaƙa a tsarin Hindu. A wancan zamani kalmar ƙabila zagi ce, tana nufin mutumin daji. Ba kaso, ba kujera, sai raini. Duk wanda ya samu ɗan hali ƙoƙari yake ya hau sama. A shekarun 1920 wannan iska ta kaɗa har Chota Nagpur. Wasu masu gonaki da 'yan boko daga cikin Mahato suka halarci tarukan ƙungiyar, suka ɗaura zaren tsarki na manyan Hindu, suka kira limaman Brahmin su ɗaura musu aure, suka hori jama'arsu da barin cin kaza da shan giyar shinkafa, suka ce su da Kurmin Bihar jini ɗaya ne.

Masu adawa da buƙatar a yau da wannan suke kafa hujja: ku da kanku kuka fita, kuka ce kun fi mu, yanzu da kuka ga akwai romo kuke son dawowa. Kudmi kuma su amsa cewa 'yan tsiraru ne suka yi wannan, talakan ƙauye bai san an yi ba, bai daina yanka wa Garam ba, kuma ba a canza asalin al'umma da ƙudurin taro. Duka maganganun biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, abin da ya sa wankin hula ya kai dare ke nan.

Su wa ke adawa, kuma me suke tsoro?

Maƙwabtansu na kusa: Santal, Munda, Oraon, Ho, Bhumij. A Yunin 2023 haɗakar ƙungiyoyin Adibasi ta kira yajin aiki a Bengal ta Yamma don nuna ƙin amincewa, bayan zaman layin dogo na 2025 kuma aka yi manyan gangami a Ranchi, babban birnin Jharkhand, da wasu garuruwan jihar.

Tsoronsu ba na banza ba ne. Kudmi suna da yawa, kuma a jimlace sun fi su gonaki, sun fi su boko, sun fi su wakilai a jam'iyyu. Idan suka shigo cikin kashi 26 ɗin nan ba a ƙara girman akushin ba, ɗan Birhor ko ɗan Asur, ƙananan ƙabilun da har yanzu kammala sakandare babban labari ne a wurinsu, ina zai sa hannu? Kujeru 28 ɗin nan ma za su buɗe wa Mahato. Kuma da zarar Kudmi ya zama ST, doka za ta ba shi damar sayen gonar Santal, abin da yau ta hana shi.

Suna kuma kawo maganar harshe. Santali da Mundari da Ho dangin harsunan Munda ne, Kurukh na Oraon dangin Dirabidiya ne, Kurmali kuwa masana sun sa shi a dangi ɗaya da Bengali da Hindi. Kudmi na mayar da martani cewa akwai ƙabilu da dama a jerin ST masu magana da harsunan wannan dangi, ba wanda ya kore su.

Amma ba tare suka yi yaƙin neman jihar Jharkhand ba?

Tare suka yi, kuma wannan ne ya fi taɓa ni a duk labarin. Jam'iyyar JMM (Jharkhand Mukti Morcha), mai fafutukar neman jihar, da aka kafa a Dhanbad a farkon shekarun 1970, mutum uku ne suka aza tubalinta: Binod Bihari Mahato, lauya ɗan Kudmi, da marigayi Shibu Soren ɗan Santal, da A.K. Roy jagoran ma'aikatan kwal. Binod Bihari ne shugabanta na farko, kiransa ga jama'a kuwa shi ne su yi karatu su yi gwagwarmaya. Nirmal Mahto, wanda shi ma ya shugabanci jam'iyyar, harbe shi aka yi a Jamshedpur a Agustan 1987. Da aka samu jihar ranar 15 ga Nuwamban 2000, guminsu ne su duka. Yau jikokin waɗanda suka yi tattaki kafaɗa da kafaɗa suna gangami a kan juna a titunan Ranchi.

Shi ya sa Hemant Soren, ɗan Shibu kuma babban ministan jihar, yake gaba kura baya sayaki. Ya goyi bayan Kudmi ya ɓata da danginsa, ya ƙi su ya rasa ƙuri'un da jam'iyyarsa ta dogara da su tun asali.

Yaya ake shigar da al'umma jerin, kuma ina takardar Kudmi ta maƙale?

Hanyar doguwa ce. Gwamnatin jiha ta aika shawara da rahoton bincike zuwa ma'aikatar harkokin ƙabilu a Delhi. Daga nan sai Babban Magatakardan Indiya, mai kula da ƙidaya, ya amince. Sai hukumar ƙabilu ta ƙasa, sai majalisar ministoci, sannan majalisar dokoki ta gyara doka. Ma'aunin da ake amfani da shi na kwamitin Lokur ne na 1965, mai sharuɗɗa biyar: alamun rayuwar da, al'ada ta daban, zama a keɓe, jin nauyin cuɗanya da baƙi, da koma baya. Ma'auni ne da ya tsufa. A zamanin wayar hannu da ci-rani, ƙabilu nawa ne ma daga cikin waɗanda ke jerin za su ci jarrabawar gudun baƙo?

A 2004 gwamnatin Jharkhand ƙarƙashin Arjun Munda ta ba da shawarar a shigar da su. Cibiyar binciken ƙabilu ta ce su reshe ne na manoman Kunbi, ba ƙabila ba, a 2015 kuma gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa. A Bengal ta Yamma gwamnatin Mamata Banerjee ta aika tata shawarar a 2017, Delhi ta nemi ƙarin bayani, daga nan aka shiga jifan juna: jiha ta ce ta aika, tarayya ta ce abin da aka aiko bai wadatar ba. Kowane zaɓe 'yan takara su zo su yi alkawari, bayan zaɓe a yi kunnen uwar shegu.

Me ya sa sai layin dogo?

Saboda shi ne jijiyar yankin. Layukan da suka ratsa ƙasar Kudmi su ke ɗaukar kwal da ƙarfe, su ke haɗa Kolkata da Mumbai. Manomin da aka ƙi sauraro shekara saba'in ya gane cewa idan jirgi ya tsaya, Delhi za ta ɗaga waya.

A Satumbar 2022 sun zauna kwana biyar a tashar Kustaur ta Purulia da ta Khemasuli a Medinipur ta Yamma, suka sake yin kwana biyar a Afrilun 2023. Wanda ya ga hotunan ba zai manta ba: ko'ina ruwan ɗorawa, domin kowa ya yafa ƙyalle mai wannan launi a wuya ko ya naɗa a ka, tutoci ma haka. Tsofaffi mata zaune a kan tsakuwar layi da jikoki a cinya, manyan tukwane na tafasa shinkafa da wake a gefe, ganguna na tashi ana waƙoƙin jhumur har dare. A babban titin da ke kusa da Khemasuli kuma manyan motoci sun yi layi iya ganinka. Ɗaruruwan jirage aka soke. Ajit Prasad Mahato, dattijon da ke jagorantar ƙungiyar Adibasi Kudmi Samaj, shi ne fuskar wannan zama.

Sai dai wanda ya sha wuya ba minista ba ne. Ɗan ƙodagon da zai koma wurin aiki ne, da mara lafiyar da aka nufa da shi asibitin Kolkata, da direban da tumaturinsa ya ruɓe a mota. A Satumbar 2023 Babbar Kotun Kolkata ta ce toshe layin haramun ne, aka janye a Bengal, amma a Jharkhand an zauna a tashoshi irin su Muri da Gomoh. A 2025 ma Jharkhand ce ta fi jin jiki.

Ban da shiga jerin, akwai wasu buƙatu?

Biyu. Suna so a sa Kurmali a jadawali na takwas na tsarin mulki, inda harsuna 22 suke, kamar yadda aka sa Santali a 2003. Jharkhand da Bengal ta Yamma sun ba shi matsayi a hukumance a matakin jiha, amma ƙidayar ƙasa tana cusa shi ƙarƙashin Hindi. Suna kuma so a buɗe gurbi a takardar ƙidaya ga addinin gargajiya na Sarna, kada a rubuta su Hindu. Majalisar Jharkhand ta zartar da ƙuduri kan Sarna a Nuwamban 2020. A wannan buƙata bakinsu ɗaya da Santal da Oraon.

An taɓa ƙara wata al'umma a jerin kuwa?

Sau da yawa. An ƙara Hatti na Himachal Pradesh a 2023, da Pahari na Jammu da Kashmir a 2024. A batun Pahari, an ware musu kaso na daban don kada su taɓa na Gujjar da Bakarwal da suka riga su. Wannan misali ne da ya kamata masu mulkin Ranchi da Delhi su duba.

Akwai kuma misali mai ban tsoro. A Manipur, umarnin kotu kan duba buƙatar Meitei ta zama ST ne ya zama ashanar da ta kunna rikicin Mayun 2023 tsakaninsu da Kuki, aka kashe sama da mutum 200, dubun dubata suka rasa gidajensu. Chota Nagpur ba ta kai can ba, Allah kuma ya kiyaye, amma wasa da irin wannan wuta don ƙuri'a ganganci ne.

A ganin mai wannan rubutu, wa ke da gaskiya?

Ina ganin Kudmi suna bin gwamnati bashin amsa. Al'ummar da sunanta ke takardar 1913 ya ɓace a ta 1950 ta cancanci a zaunar da ita a buɗe mata fayil, a ce ga dalili. A yi sabon bincike a ƙauyukansu, da masana daga ɓangarorin biyu, a wallafa sakamakon kowa ya karanta. Riƙe mutane da "ana dubawa" shekara ashirin wulaƙanci ne.

Amma ban yarda a biya wannan bashi daga aljihun Santal da Birhor ba. Idan bincike ya ba Kudmi gaskiya, to a shigar da su da kaso nasu daban, a kuma toshe ƙofar sayen gonakin ƙananan ƙabilu. Idan bai ba su ba, matsalar da ta kai su layin dogo tana nan: kashi 14 ya yi wa OBC na Jharkhand kaɗan. Majalisar jihar ta zartar da ƙudurin ɗaga shi zuwa 27 a Nuwamban 2022, amma ya ci karo da iyakar kashi 50 da Kotun Ƙoli ta gindaya wa jimillar kaso tun 1992, bai zama doka ba.

Me ake jira yanzu?

Ƙidaya. Rabon da Indiya ta fitar da cikakken adadin kowace jati tun 1931, shi ya sa kowane ɓangare ke faɗin yawan Kudmi yadda ya yi masa daɗi. Bihar ta yi nata lissafin a 2023, ta samu Kurminta kashi 2.87 cikin ɗari, amma wannan bai shafi na tudu ba. A Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta sanar cewa ƙidaya mai zuwa, wadda aka tsayar wa 2027, za ta tambayi kowa jatinsa. Shugabannin Kudmi sun daɗe suna jan kunnen mutanensu kan abin da za su faɗa wa malamin ƙidaya idan ya tsaya a ƙofar gida: al'umma Kudmi, harshe Kurmali, addini Sarna.